Tarar Ajiye Mota a Filayen 'Yan Kasuwa: Yadda Birtaniya Ke Fama da Kamfanonin da Ke Cin Riba da Kuskuren Direbobi

A cikin shekarar kuɗi da ta ƙare a watan Maris na 2025, kamfanoni masu zaman kansu da ke kula da wuraren ajiye motoci a ƙasar Birtaniya sun nemi sunaye da adireshin masu motoci har sau miliyan 14 da dubu 400 daga hukumar ba da lasin tuƙi da rajistar motoci ta ƙasar, wato DVLA, domin su aika masu da takardun neman kuɗi. Idan aka raba wannan adadi bisa kwanakin shekara, za a ga cewa kusan takardu dubu 40 ne ke fita a kowace rana ta Allah, kuma kowace takarda tana iya kai wa Fam 100. Cibiyar binciken harkokin sufuri ta RAC Foundation, wadda ke tattara waɗannan alƙaluma daga bayanan gwamnati, ta nuna cewa a shekarar 2018 zuwa 2019 adadin bai wuce miliyan 6 da dubu 800 ba. Ke nan cikin shekaru shida kacal abin ya ninka har ya ɗara.

Wannan al'amari ya daɗe yana tayar da ƙura tsakanin direbobi da masu filaye da kamfanonin da kuma Majalisar Dokokin ƙasar. Su direbobi kukansu shi ne an mai da su saniyar tatsa. Masu filaye kuwa cewa suke yi idan babu mai tsawatarwa, to baƙi za su cika masu wuri, abokan cinikinsu su rasa inda za su tsaya. Ita gwamnati ta yi doka tun 2019 domin ta shiga tsakani, amma har aka shiga rabin 2025 ƙa'idojin da dokar ta yi alkawari ba su fara aiki ba. Labarin yana da darasi ga duk ɗan kasuwar da ke da kanti ko otal ko asibiti ko rukunin shaguna mai fili a gabansa, haka kuma ga duk mai tafiya can ya ɗauki hayar mota.

Tarar Hukuma Dabam, Ta Ɗan Kasuwa Dabam

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya fahimta shi ne, takardun biyan kuɗi iri biyu ne ake manna wa motoci ko a aiko ta gidan waya a Birtaniya. Akwai wadda ƙaramar hukuma ke bayarwa ga wanda ya saɓa dokar tsayawa a kan titin gwamnati ko a filin hukuma. Wannan tara ce ta ainihi, doka ce ta kafa ta, doka ce ta yanke adadinta, kuma akwai kotun musamman da ke sauraren ƙorafi a kanta. A yankunan Ingila da ke wajen birnin Landan, mafi yawanta ba ta wuce Fam 50 ko Fam 70, gwargwadon girman laifin, kuma ana rage rabi ga wanda ya biya cikin kwana 14.

Ta biyun ita ce wadda kamfani mai zaman kansa ke bayarwa a filin babban kanti ko asibiti ko gidan abinci ko rukunin gidaje. A idon shari'a wannan ba tara ba ce, domin ɗan kasuwa ba shi da ikon cin wani tara. Bashi ne da kamfanin ke cewa yana bin direba saboda ya karya yarjejeniya. Yarjejeniyar kuwa ita ce allon da aka kafa a ƙofar filin, wanda ya bayyana tsawon lokacin da aka yarda mota ta tsaya, da kuɗin da za a biya, da abin da zai biyo baya idan aka saɓa. Da zarar direba ya shiga ya ajiye motarsa, shari'a ta ɗauka ya karanta, ya kuma amince.

Abin da ke rikita jama'a shi ne takardun biyu sun yi kama da juna ƙwarai. Duka biyun ana taƙaita sunansu da haruffa uku iri ɗaya, wato PCN, kuma sau da yawa ta kamfani takan zo cikin leda mai ruwan ɗorawa irin wadda aka saba gani da ta hukuma. Da yawa daga cikin waɗanda suka karɓa sukan biya nan take, suna zaton gwamnati ce ta ci su tara.

Tun da dai maganar yarjejeniya ce, allon sanarwa shi ne ginshiƙin komai. Kotunan Ingila sun daɗe da kafa wannan ƙa'ida. A shari'ar Thornton da kamfanin Shoe Lane Parking, wadda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a ƙarshen 1970, fitaccen alƙalin nan Lord Denning ya nuna cewa sharaɗin da aka ɓoye a cikin wurin ajiye mota, wanda direba ba zai gani ba sai bayan ya riga ya shiga, ba ya ɗaure shi, kuma gwargwadon tsananin sharaɗi gwargwadon yadda ya wajaba a fito da shi fili. A shekarar 2000 kuma, a shari'ar Vine da ƙaramar hukumar Waltham Forest, kotun ta ce bai halatta a kulle motar wadda ba ta ga allon gargaɗi ba.

Zamanin Sa wa Mota Mari

Kafin a zo zamanin takardu, makamin masu tsaron filaye shi ne marin ƙarfe da ake ɗaure tayar mota da shi, ko kuma janwe da ke ɗauke motar ɗungum. Mai mota ba ya samun abarsa sai ya biya abin da aka yanka masa, kuma sau da yawa a nan take, da tsabar kuɗi. Wannan ya buɗe ƙofa ga 'yan ta-more, waɗanda ke kafa ƙaramin allo a saƙon da ba a gani, su laɓe, su jira mai tsautsayi, sa'an nan su nemi ɗaruruwan Fam daga hannunsa. Wanda ke sauri zuwa wurin aiki ko ɗauko yara daga makaranta ba shi da halin ja-in-ja da mai riƙe da mabuɗi.

Yankin Sikotlan ne ya fara taka wa abin birki. A shekarar 1992, a shari'ar Black da Carmichael, babbar kotun yankin ta yanke cewa kulle motar mutum a filin da ba na hukuma ba tare da neman kuɗi kafin a sake ta, ƙwace ne kuma sata ce. A Ingila da Wels kuwa an ci gaba da yi har tsawon shekaru 20 bayan haka. Gwamnati ta gwada tilasta wa masu wannan sana'a yankan lasin daga hukumar kula da masu gadi tun daga 2005, amma koke-koke ba su ragu ba, domin lasin na ma'aikaci ne, bai kuma ƙayyade kuɗin da kamfaninsa zai nema ba.

Daga ƙarshe dai Majalisa ta zartar da Dokar Kare 'Yancin Jama'a ta 2012, wadda tun daga ranar 1 ga Oktoba na wannan shekara ta mai da kulle mota ko janye ta a filin da ba na hukuma ba, ba tare da ikon doka ba, ya zama laifi a Ingila da Wels. 'Yan sanda da ƙananan hukumomi da wasu wurare masu dokokinsu na musamman, kamar filayen jiragen sama da tashoshin jiragen ruwa, ba su shiga cikin hanin ba. An kuma bar wa mai fili damar sa shinge a ƙofarsa.

To amma dokar da ta karɓe mari daga hannun kamfanonin, ita ce kuma ta miƙa masu wani makamin da ya fi shi kaifi. A da, yarjejeniyar tana tsakanin kamfani ne da direban da ya ajiye motar, saboda haka idan mai mota ya ƙi faɗin wanda ke tuƙi, kamfani ya shiga uku wajen tabbatar da wanda zai kai ƙara. Sabuwar dokar ta ce idan ba a san direba ba, ana iya bin mutumin da aka yi rajistar motar da sunansa, muddin an cika wasu sharuɗɗa. Daga cikinsu akwai cewa idan kyamara ce ta kama motar, ba a manna takarda a gilashinta ba, to dole sanarwa ta isa ga mai motar cikin kwana 14, sa'an nan a ba shi kwana 28 ya biya, ko ya faɗi sunan direba, ko ya yi ƙorafi.

A daidai wannan lokaci ne kuma kyamarori masu karanta lambar mota suka yi araha suka bazu. Kamfani ba ya bukatar ɗaukar ma'aikaci ya tsaya cikin sanyi da ruwan sama. Kyamara ɗaya a ƙofar shiga, ɗaya a ƙofar fita, kwamfuta ta lissafa mintoci, a tura lambar motar ga DVLA tare da Fam biyu da rabi, adireshi ya dawo, takarda ta tafi. Idan aka auna Fam biyu da rabi da tambayoyi miliyan 14 da dubu 400, kuɗin ya kai Fam miliyan 36 a shekara guda. Hukumar dai ta sha nanata cewa ba riba take ci ba, kuɗin gudanar da aikin kurum take mayarwa.

Shari'ar Fam 85

Tambayar da ta rage ita ce, shin ɗan kasuwa yana da ikon neman kuɗin da ya zarce asarar da aka jawo masa? Tsohuwar ƙa'idar shari'ar Ingila, wadda aka kafa a shari'ar kamfanin taya na Dunlop sama da shekaru 100 da suka wuce, ta bambanta tsakanin diyyar da aka ƙiyasta tsakani da Allah bisa asarar da ake tsammani, da kuma kuɗin da aka sa don horo da tsoratarwa. Na farko kotu takan tilasta a biya, na biyu kuwa ba ta tilastawa. Bisa wannan ne direbobi da yawa ke cewa filin da ake tsayawa kyauta, wanda ya ƙara minti 30 bai jawo wa kowa asarar ko kwabo ba.

Wannan tambaya ce ta kai har Kotun Ƙoli a shari'ar ParkingEye da Beavis. A watan Afrilu na 2013 wani mai sayar da soyayyen kifi da dankali ya ajiye motarsa a filin rukunin kantunan Riverside da ke garin Chelmsford, inda alluna suka nuna cewa awa biyu kyauta ne, wanda ya wuce kuma zai biya Fam 85. Ya ƙara minti 56 a kan lokacin. Kamfanin ya aiko masa da takarda, tare da rangwamen cewa Fam 50 ya isa idan ya biya cikin kwana 14. Ya ƙi biya, yana mai cewa kuɗin horo ne wanda shari'a ba ta yarda da shi ba.

Ranar 4 ga Nuwamba, 2015, alƙalai bakwai suka yanke hukunci, shida daga cikinsu suka ba kamfanin gaskiya, yayin da Lord Toulson ya saɓa masu ta fuskar dokar kare masu saye. Kotun ta yarda cewa kamfanin bai yi wata asara ta kai tsaye ba, amma ta ce wannan ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne ko akwai halastacciyar maslaha da ake son karewa, da kuma ko kuɗin ya wuce kima ƙwarai idan aka gwada shi da wannan maslaha. A ganin kotun, masu kantuna suna da maslaha a kan motoci su riƙa shiga suna fita domin masu saye su samu wuri, shi ma kamfanin yana da maslaha a kan ya samu kuɗin gudanar da aikinsa har da riba, kuma Fam 85 bai yi nisa da abin da ƙananan hukumomi ke karɓa ba, ga shi kuma an rubuta shi ɓaro-ɓaro a alluna.

Wani abu da ya fito fili a wannan shari'a shi ne ya fi jan hankalin masana tattalin arziki. Ba mai filin ne ke biyan kamfanin ladan gadi ba. Kamfanin ne ke biyan mai filin Fam 1,000 a kowane mako domin a ba shi damar kula da wurin, kuma ba shi da wata hanyar samun kuɗi a filin sai daga waɗanda suka saɓa sharaɗi. Lissafi mai sauƙi ya nuna cewa sai ya kama motoci 12 masu biyan Fam 85, ko 20 masu biyan Fam 50, a kowane mako kafin ya mai da kuɗin hayar kawai, ba a yi maganar kyamara da ma'aikata da riba ba. Ranar da duk direbobi suka kiyaye doka, ranar kamfanin ya fara asara.

A nan ne matsalar take. Mai kanti bukatarsa a kiyaye ƙa'ida. Kamfanin da ya ɗauka kuwa, cinikinsa yana ƙaruwa ne idan an karya ta. Duk tsarin da ya sa abincin mai gadi ya dogara ga yawan masu laifi, to ya ba shi dalilin ƙin gyara na'urar biyan kuɗi da ta lalace, da ƙin ƙara girman allo, da ƙin sauraren uzuri. Ba lalle ne kowane kamfani ya yi haka ba, amma tsarin yana saka wa wanda ya yi da alheri, yana kuma hukunta wanda ya yi sassauci. Gasa ma ba ta gyara abin, domin ba direba ne ke zaɓen kamfanin ba, mai fili ne, kuma shi mai fili yakan karkata ga wanda ya fi ba shi kuɗi ko ya yi masa aikin kyauta.

Mai Dokar Barci

Hukumar DVLA ba ta ba kowane kamfani adireshin masu motoci ta hanyar kwamfuta sai wanda ke cikin wata ƙungiyar sana'a da aka amince da ita. Ƙungiyoyin biyu ne, British Parking Association da International Parking Community. Kowacce tana da nata wurin sauraren ƙorafi, ta farkon tana da POPLA, wadda aka kafa a 2012, ta biyun kuma tana da IAS. Direba yakan fara kai kukansa ga kamfanin, idan an ƙi saurararsa ya wuce gaba, ba ya biyan ko kwabo, kuma hukuncin yana ɗaure kamfani amma ba ya hana direba zuwa kotu.

A takarda wannan tsari ya yi kyau. Sai dai masu suka suna nuni da cewa ƙungiyoyin biyu da kuɗin mambobinsu suke rayuwa, kuma kamfanin da ya ga wata ta matsa masa yana iya komawa ɗayar. Ga kuma batun asarar rangwame. Mafi yawan takardu na Fam 100 ne, a rage zuwa Fam 60 idan an biya cikin kwana 14. Wanda ya kai ƙorafinsa mataki na biyu ya faɗi, yawanci cikakken kuɗin zai biya. Idan ya yi jinkiri kuma, sai a miƙa shi ga kamfanin karɓar bashi, a ɗora masa har Fam 70, abin ya zama Fam 170. Daga nan sai ƙaramar kotu. Wanda kotu ta yanke wa hukunci bai biya cikin wata guda ba, sunansa zai zauna a rajistar masu taurin bashi har shekara shida, abin da ke iya hana shi rancen banki ko na sayen gida. An samu mutanen da suka sauya gida, takardu suka yi ta zuwa tsohon adireshi, ba su san da shari'ar ba sai ranar da banki ya juya masu baya. Ganin haka ne ya sa mutane da yawa ke biya ko da suna da gaskiya, don gudun abin da ya fi wannan.

Dokar da Ta Kwana a Hanya

Yawan koke-koken da 'yan Majalisa ke samu daga mazaɓunsu ya sa Sir Greg Knight, ɗan jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, ya gabatar da ƙudurin da ya samu goyon bayan dukkan ɓangarori, ya kuma zama doka a watan Maris na 2019. Dokar ta ɗora wa gwamnati nauyin rubuta ƙa'idoji guda ɗaya da za su hau kan kowane kamfani a Ingila da Sikotlan da Wels, kuma wanda ya saɓa zai iya rasa damar samun adireshi daga DVLA, wanda hakan tamkar rufe masa kasuwa ne.

A watan Fabrairu na 2022 gwamnati ta fito da ƙa'idojin. Sun rage mafi yawan kuɗin daga Fam 100 zuwa Fam 50, tare da rangwamen rabi ga mai biya da wuri. Sun hana ƙarin kuɗin karɓar bashi. Sun wajabta a ba direba minti 10 bayan lokacinsa ya cika, da kuma minti biyar na karanta allo ya yanke shawarar tsayawa ko tafiya. An kuma yi alkawarin kafa wuri ɗaya tak na sauraren ƙorafi. Direbobi suka yi murna, amma murnar ta koma ciki. Wasu kamfanoni suka garzaya kotu suna cewa gwamnati ba ta auna illar da ragin zai yi wa sana'arsu yadda ya kamata ba, kuma a watan Yuni na shekarar gwamnati ta janye ƙa'idojin domin ta sake nazari.

Hujjar kamfanonin ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. Sun ce idan Fam 50 ya koma Fam 25 da rangwame, to a tsakiyar manyan birane, inda kuɗin ajiye mota na yini guda kan kai haka ko ya fi, mutum zai gwammace ya saɓa ƙa'ida da gangan. Sun kuma ce Fam 100 ɗin ya daɗe bai motsa ba alhali tsadar kaya ta zaizaye darajarsa. Masu kare direbobi kuwa suna tambaya, idan har Fam 100 yana tsoratarwa kamar yadda ake faɗa, me ya sa yawan takardu ke ƙaruwa kowace shekara, daga miliyan 11 da dubu 100 a 2022 zuwa 2023, zuwa miliyan 12 da dubu 800 a shekarar da ta biyo? Kamfanonin sukan amsa da cewa yawan filayen da suke kula da su ne ya ƙaru.

Ana cikin wannan jira, sai ƙungiyoyin biyu suka haɗa kai suka fito da nasu ƙa'idojin a watan Yuni na 2024, waɗanda suka fara aiki a watan Oktoba, aka kuma ba tsofaffin filaye har ƙarshen 2026 su gyara allunansu. Sun karɓi minti 10 na alfarma, sun yarda a soke takardar wanda ya yi ɗan kuskure wajen buga lambar motarsa a na'ura, kamar sa sifiri a gurbin harafin O, sun kuma yarda a rage kuɗi zuwa Fam 20 a wasu uzurori. Amma sun bar Fam 100 da Fam 70 na karɓar bashi yadda suke. Ƙungiyoyin direbobi na RAC da AA suka ce wannan bai kama ƙafar abin da gwamnati ta yi niyya ba.

Ba a daɗe ba wani lamari ya sake tono maganar. A ƙarshen 2024 aka samu labarin wata mata a garin Derby wadda kamfanin Excel Parking ya nemi Fam 1,906 daga hannunta, ba don ta ƙi biyan kuɗin ajiye mota ba, sai don a ranaku da dama ta wuce minti biyar kafin ta biya, saboda rashin kyawun layin waya a wurin. Bayan surutu ya yi yawa, kamfanin ya janye ƙarar, kuma daga watan Fabrairu na 2025 ƙungiyoyin suka sauya ƙa'ida, ta yadda a filayen da kyamara ke tsaro ba za a ci wanda ya biya cikakken kuɗinsa kafin ya fita ba. A watan Yuli na 2025 kuma gwamnatin jam'iyyar Leba ta sake buɗe ƙofar jin ra'ayin jama'a a kan sababbin ƙa'idoji, ciki har da makomar Fam 100 da kuɗin karɓar bashi, sama da shekara shida bayan an sa hannu a dokar.

Yadda Wasu Suka Yi

Wasu ƙasashe sun bi wasu hanyoyi. Jamhuriyar Ailan ba ta hana sa mari ba, amma dokarta ta 2015 ta ɗora wa Hukumar Sufuri ta Ƙasa kula da sana'ar, aka ƙayyade kuɗin kwance mari a filayen 'yan kasuwa kada ya wuce Yuro 125, aka kuma kafa hanyar ɗaukaka ƙara ta hukuma. A Ostireliya, jihar New South Wales a 2012 da jihar Victoria a 2015 sun toshe hanyar da kamfanonin ke bi ta kotu su samu adireshin masu motoci.

A Nijeriya ma an ɗanɗana irin wannan rikici, ko da yake a kan titunan gwamnati ne. Idan dai ba a manta ba, hukumar Babban Birnin Tarayya ta taɓa ba wasu kamfanoni kwangilar karɓar kuɗin ajiye mota a titunan Abuja, suna sa wa motoci mari suna janye su, har sai da Babbar Kotun birnin, ƙarƙashin Mai Shari'a Peter Affen, ta dakatar da shirin a watan Afrilu na 2014 bisa dalilin cewa babu dokar da ta ba da ikon karɓar kuɗin. Tun da yake dokar yarjejeniya ta Nijeriya daga ta Ingila ta samo asali, kuma lauyoyi kan kafa hujja da hukuncin kotunan can duk da cewa ba ya ɗaure kotunan nan, ba abin mamaki ba ne a ji sunan Beavis a gaban alƙali ranar da mai rukunin shaguna a Legas ko Fatakwal ya shiga shari'a da direba.

Ga mai fili, abin lura shi ne yadda zai biya wanda ya ɗauka tsaro. Idan albashi ne tsayayye ko kaso daga kuɗin ajiye mota na yau da kullum, to bukatarsu ta zo ɗaya. Idan kuwa daga tara zai ci, to abokan cinikin mai kanti ne za su zama abin farauta, kuma wanda aka ci zarafinsa a ƙofar kanti ba sunan kamfanin gadi zai riƙe ba, sunan kantin zai riƙe. Ya kamata allo ya zama babba, a ƙofar shiga, cikin harshen da jama'ar wurin ke ji, kuma mai fili ya riƙe wa kansa ikon soke takardar duk wanda ya ga yana da uzuri.

Ga ɗan kasuwar da ke zuwa Birtaniya ya ɗauki hayar mota kuwa, ya sani cewa takardar za ta je wa kamfanin haya ne, shi kuma ya miƙa sunan wanda ya ɗauka, galibi ya cire nasa ladan daga katin banki. Saboda haka ya karanta allo kafin ya kashe mota, ya tabbatar da lambar da ya buga a na'ura, ya adana rasit, ya kuma tuna cewa kyamara daga ƙofar shiga take fara ƙidaya, ba daga lokacin da ya samu gurbi ba.

Ga hukumomi kuma, abin da ya faru a Birtaniya ya nuna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. An bar sana'ar ta girma tana tsara wa kanta ƙa'ida har ta kai ga fitar da takardu miliyan 14 a shekara, ta kuma samu ƙarfin da za ta tsayar da ƙa'idojin gwamnati a kotu cikin wata huɗu. Duk jihar da ke shirin ba 'yan kasuwa ikon bin direbobi kuɗi, gara ta fara yanke iyakar kuɗin, ta ware mai sauraren ƙorafi wanda ba kamfanonin ke ciyar da shi ba, ta kuma fayyace sharuɗɗan ba da bayanan masu motoci, kafin ta sa hannu a kwangila ta farko.